Oga ya sake kirana aikin nesa, wancan ma ban dawo da komai ba

"Salam Kawu. Ni mai tayil ne, shekarata 29, ina da mata da yara biyu. Ogana da ya koya min aiki ya samu kwangila a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda cur a mota, ya ɗebe mu mu huɗu muka je muka yi wata uku. Kuɗin yinin da yake bani a gida shi ya rinƙa bani a can, kuma sai ranar da aka yi aiki. Abinci ni, kati ni, har kuɗin motar dawowa ni na biya. A cikin kangon da muke aikin muke kwana. Akwai lokacin da muka yi kwana tara a zaune kaya basu iso ba, ko sisi ba a bamu ba. Na dawo na tarar da bashi a gida, kuma har yanzu ina binsa kuɗin sati biyu. Yanzu ya kira wai mu shirya ƙarshen wata za a koma kashi na biyu. Matata tace in na sake tafiya a haka ita gidansu zata koma. Ni kuma wallahi nauyinsa nake ji, shi ya ɗauke ni tun ban iya riƙe cokalin gini ba. Ya zanyi?"

Wa alaikumus salam ɗana. Sau biyu na karanta saƙonka, na farko dariya nayi don kamar labarina kake bani, na biyu kuma raina ya ɗan sosu, kuma ba da ogan naka ba, da kai. Magidanci da yara biyu ya shiga mota tafiyar yini guda bai tambayi inda zai kwana ba, bai tambayi wanda zai ciyar da shi ba, haba dai.

Matarka tana da gaskiya, bari in fara cire wannan daga hanya. Kar ka ɗauki maganarta raini, ita ce ta zauna wata uku tana haɗa ido da masu bin bashi, ita yara ke kama wa zani da safe, lissafin da kai ka ƙi zama kayi ita tayi shi tuntuni kuma amsar da ta samu daidai ce.

Oga fa a ganinsa bai cuce ka ba tunda abin da ya saba baka shi ya baka. Inda gizo ke saƙar shine kuɗi iri biyu ne aka cure su waje guda aka miƙa maka da sunan ɗaya. Akwai ladan hannunka, wato kuɗin gwanintarka da durƙuson da kake yi tun safe kana jera tayil kana duba lebur, wannan naka ne da iyalinka. Sai kuma kuɗin da tafiyar ce ta haife shi, mota, abinci, wurin kwana, ruwa, katin da zaka kira gida. Wannan na biyun ba lada bane, ba kuma alfarma oga zai maka ba in ya baka, aikin ne ya ci shi don haka aikin ne zai biya. Ka taɓa ganin oga yace ka sayo siminti ko gam ɗin tayil da kuɗin aljihunka? To cikin da kake cikawa a can da tabarmar da kake kwana a kai duk a layin siminti suke, in babu su aikin bazai yiwu ba.

Zo muyi lissafi da lambar wasa. A ce ladanka na yini 10 ne, ko wane irin kuɗi ne. A gida in kayi kwana 22 kana aiki a wata ka samu 220, tukunya ɗaya aka ɗora kowa ya ci, ɗakin da kake biya wa haya a ciki ka kwana. A can kuma a ce saboda zaman jiran kaya da ruwan sama kwana 18 kayi aiki, 180 kenan. Amma ciki bai san ranar da kaya basu iso ba, shi kwana 30 yake aiki, in kana cin na 3 kullum 90 ta tafi, ƙananan abubuwa irin su sabulu da ruwa da caji da kati ka sa 1 kullum, 30 ta bi ta. Saura 60. Da wannan 60 ɗin za a ɗora tukunya ta biyu a gida, a biya hayar ɗakin da ba ka kwana a ciki, ka kuma cire kuɗin motar dawowa. Kaga bashin da ka tarar ba almubazzarancin kowa bane. Ka sa lambobinka na gaskiya a wurin nawa ka gani, inaga zai ma fi haka muni.

Kuma kar wani ya ce maka wannan sabon iyayi ne. Ma'aikacin ofis in aka tura shi wani gari ko na kwana biyu ne akwai alawus ɗin kwana da na mota daban da albashinsa, kuma a ƙasashe da yawa ba a ma cire haraji a kan irin wannan kuɗin matuƙar bai wuce iyaka ba, saboda hukuma ta san ba samu bane, maida wa mutum abin da ya kashe ne. A Birtaniya yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanonin gini da ƙungiyoyin ma'aikata ta ware kuɗin kwana ga wanda aiki ya raba da gidansa, ta ware kuɗin mota, ta kuma ware na nisan tafiyar. A Ostireliya masu aiki a wuraren haƙar ma'adinai na cikin daji kamfani ne ke kai su ya ba su ɗaki da abinci, suyi sati biyu misali su dawo gida suyi sati guda. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, da aka kafa tun 1919, yarjejeniyarta ta farko a wannan shekarar akan awannin aiki ce, awa 8 a rana, 48 a sati, kuma in an wuce a biya aƙalla kuɗin awa ɗaya da kwata a kan kowace awa. A 1921 ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Ta 1949 mai lamba 95 ita ce ta kare lada, ta ce a gaya wa mutum sharuɗɗan biyansa kafin ya fara aiki, a biya shi a kan kari, kuma in aiki ya ƙare a sallame shi da cikon kuɗinsa ba tare da jan rai ba. Ta 1988 kan aikin gini ta ɗora wa mai aiki samar da ruwan sha mai tsafta da kayan kariya kyauta da taimakon gaggawa in an ji ciwo. To amma dan Allah kar ka je gaban oga kana karanto masa lambobin yarjejeniyoyin Janiba, garin da hedkwatar ILO take, zai ce yaron nan ya fara shaye-shaye. Waɗannan takardu suna hawa kan ƙasar da ta sa hannu ne, kuma irin aikinmu na oga da yaronsa da wuya wani sufeto ya leƙo. Na kawo su ne don kai kanka ka daina jin kamar roƙo zaka je yi.

Shi ma ogan a yi masa adalci. Yawancin irinsa ba su ne masu kwangilar ba, hannu na biyu ko na uku ne, wani ya karɓo ya yanka musu, kuma biyansu ake kashi-kashi sai injiniya ya zo ya auna ya sa hannu. Zai yiwu ma ya karya farashi ne don ya samu aikin, ya manta ko ya ƙi sa kuɗin ɗawainiyarku a ciki. A takardar ƙiyasin kwangila mai tsari akwai sashen share fage da ake sa kai mutane da kaya wurin aiki, masauki, ruwa, gadi, kuma sau da yawa ana ba da wani kaso tun farko na somin aiki, wanda suke ce wa mobilaizeshan. In an bashi wannan ya haɗiye, ya ci haƙƙinku. In kuma bai sa ba tun asali, kuskurensa ne na ciniki, kuma ba yaran mai tayil ne zasu biya kuskuren da cikinsu ba. Ko wanne ne, maganar da zaka yi masa ɗaya ce.

Kuma yanzu zaka yi ta, satin nan, tun kana gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau oga ne ke nemanka, yana da kashi na biyu a wuya, yana buƙatar hannun da ya san aikin kuma ya san inda aka tsaya. Ranar da ka sauka a can ka ajiye jakarka a kango shikenan ciniki ya juya, kai ne mai nema, ba ka san kowa ba, ba ka da kuɗin juyowa, duk abin da aka miƙo hannu biyu zaka sa.

Ni na ga wannan da idona. Ina kafintan rufi lokacin, wani ɗan kwangila ya kwashe mu zuwa wani aiki mai nisa da alƙawarin komai nasa ne, a baki. Sati uku da fara aiki suka samu saɓani da mai ginin, muka wayi gari babu shi babu motarsa. Mu biyar, ba mai kuɗin mota a cikinmu. Sai da na sayar da zartona da guduma biyu a wulaƙance na samu na dawo, na zo gida kafinta ba kayan aiki. Tun daga ranar ban sake shiga motar aikin nesa ba sai kuɗin dawowata na cikin aljihun da ba na taɓawa, ko da uban wa zan tafi. Wannan shine sharaɗin da bana so ka sassauta ko kaɗan, kuɗin zuwa da na dawowa a hannunka kafin a tashi, kuma na dawowar ka manta da shi kamar babu.

Yadda zaka tunkare shi kuwa, kar ka yi a waya, kar ka yi a gaban yara ko sauran abokan aikin, manya basa son a tsare su a gaban mutane ko da suna da niyyar bayarwa. Ka same shi shi kaɗai lokacin da hankalinsa ke kwance, ku gaisa sosai, sannan kace wani abu kamar haka: "Maigida, duk abin da na iya a hannunka na iya shi, kuma ina so in bi ka wannan aikin. Amma wancan zuwan na dawo na tarar da bashi, iyali sun sha wuya, shine nace bari in zo mu tsara tun yanzu don in na tafi hankalina ya tsaya kan aiki." Shikenan. Ba ka zage shi ba, ba ka ce ya cuce ka ba, ka kuma nuna masa ribarsa, don shi ma ya san mai tayil ɗin da hankalinsa ke gida layinsa karkacewa yake. Kunyar da kake ji abu ne mai kyau, ka riƙe ta a lafazinka da zamanka, amma kar ta hana lambobi fitowa daga bakinka. Shi fa da ya je karɓo aikin ai ciniki yayi da wanda ya bashi, bai ji kunya ba.

Abu na farko da zaka sa a gaba tsohon kuɗinka na sati biyu. A biya kafin tafiya, shi zaka rage bashin gida da shi. In aka ɗora sabon lissafi kan tsoho, nan da wata biyu ba wanda zai iya rabe su, kuma kullum na ƙasan ne ke ɓata. Bayansa kafin alƙalami, wani abu da zaka bar wa gida wanda zai kai su har biyan farko.

Sai maganar da ta fi cin mutane ba su sani ba, ranakun zama. Kwana tara kuka yi kuna kallon juna, a gida da ka samu ɗan gyaran banɗaki ko kicin ɗin wani ka rage zafi, a can kuwa an ɗaure ka, lokacinka na oga ne ko an yi aiki ko ba a yi ba. Don haka ranar da ka tashi a shirye aka rasa kaya ko wuta ko injiniya bai zo ba, ba laifinka bane. Ka nemi rabin kuɗin yini a irin ranar, in ya ce yayi yawa ku daidaita, amma kuɗin abinci kam baya tsayawa, kullum ne har ranar hutu. Kuma ku sa iyaka, in zaman ya wuce kwana kaza a sallame ku ku dawo gida da kuɗin motarsa, in kaya sun iso a kira ku. Zakaga daga ranar da zama ya fara cin aljihun oga kaya sun daina makara.

In yace a maida shi jinga, wato a biya ka kan kowace murabba'in mita, ba laifi, mai saurin hannu ya fi samu a jinga. Amma ka buɗe ido, jinga bata shafe kuɗin abinci da kwana da mota ba, suna nan daban. Ku kuma fayyace abin da ke cikin mitar, sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake bin gindin bango da shi, da matakala da bangon banɗaki mai yawan yanka ba kuɗinsu ɗaya da falo fili ba, sannan in daɓen da aka bar maka ba daidai yake ba wa zai biya gyaransa. A auna tare duk ƙarshen sati, kar a bari sai an gama.

Abinci, ni na fi son a baka kuɗin a hannu da a ce za a rinƙa dafa muku, don in girkin oga ne ranar da aljihunsa ya yi sanyi cikinku ne zai fara ji. In kuma ya dage shi zai ciyar, to kar ƙarshen wata a zo a ce an cire kaza na abinci alhali ba a faɗa tun farko ba. Ku huɗu in kuka haɗa kuɗin kuna girki da kanku zai fi muku auki nesa ba kusa ba.

Kwana a kango kuma ba ƙaramin abu bane ga mai tayil musamman. Ƙurar da giranda ke tayarwa in kana yankan tayil a bushe tana ɗauke da sinadarin silika, tana shiga can cikin huhu ta zauna, ciwon da take jawowa baya warkewa kuma yawanci sai bayan shekaru yake nuna kansa. Ka shaƙe ta da rana sannan ka shimfiɗa tabarma a kanta da dare? Ka nemi ɗaki ko ɗaya ne ku huɗu, mai ƙofa da wurin wanka. In dole sai cikin ginin, a ware ɗakin da ba a yanka a ciki, a sa masa ƙofa. Ka rinƙa yanka da ruwa, ka sa takunkumi na ƙwarai. Ka kuma tambaye shi kai tsaye, in giranda ta yanke ni ko zazzaɓi ya kwantar da ni wa zai kai ni asibiti, wa zai biya? Zai ce Allah ya kiyaye, kace amin, sannan ka sake tambaya.

Sauran ba sai na ja ba. Biya duk sati a rana sananniya, kar ka yarda da "bari in ajiye maka sai mun tashi". In ana so a yi dare don a cika wa'adi, a sa kuɗin obataim. Zuwa gida sau ɗaya a wata ko sati shida, motar a kansa.

Duk abin da kuka tsayar a rubuta. Na san nan ne zaka ce Kawu ai sai yace ban yarda da shi ba. Ba sai ka kai masa takarda da biro ba, in ka koma gida ka tura masa saƙo a WhatsApp, "Maigida na gode da zaman ɗazu, don kar in manta ga abin da muka tsaya a kai", ka jero su, ko "toh" ya amsa ya wadatar. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma ai akan rubuta bashi ta sauka, ba don ana zargin kowa ba, mutum ne mai mantuwa. Ka sayi ɗan littafi kana rubuta kowace rana, an yi aiki ko an zauna, nawa aka baka. In ta transfa ake biya ma ya fi, alat baya musu.

Sauran ukun fa, ka ji ta bakinsu kafin ka je, don in kai kaɗai ka nema su suka yi shiru za a ce kai ne mai taurin kai. Amma kar ku je masa a gayya. Ka je kai ɗaya, in ya amince kace a yi wa kowa haka.

Zai iya ƙi. Zai iya cewa yanzu ka yi fuka-fuki, ko yace akwai yara goma da zasu tafi a yadda kake rainawa, kuma gaskiya ne akwai su. In ya baka rabin abin da ka nema, ka koma kan lissafin nan namu da lambobin gaskiya, in abin da zai rage maka ya fi na zaman gida ko da kaɗan ne ka tafi, aikin wata uku a jere ba abin yarwa bane. Abu uku ne dai ban yarda ka tafi babu su ba, tsohon kuɗinka, kuɗin dawowa a aljihu, da abincin kullum. In ya ƙi waɗannan ka bashi haƙuri cikin ladabi kace wannan karon iyali bazasu barka ba, kar ka yi faɗa, kar ka yi ta yawo da maganarsa a wurin mutane, ka ci gaba da zuwa gaishe shi yadda ka saba, duk aikin da ya samu a gida kuma in ya kira ka amsa. Kuɗin sati biyun ka ci gaba da tuntuɓa a hankali, in ya ja ka samu wani babba da yake jin nauyinsa ya sa baki.

Kafin ka je wurinsa ka zauna da matarka kuyi lissafin tare, ta gaya maka nawa gida ke ci a sati, don ita ta sani kai ƙiyasi kake. Wannan lambar ita zaka riƙe a kai lokacin da kuke magana da oga. In tafiyar ta tabbata ka gaya mata ranar da kuɗi zai rinƙa shigowa da ranar da zaka leƙo gida, ka bar mata lambar wayar ɗaya daga cikin abokan tafiyarka saboda ranar da taka ta mutu. Ka tafi da gidan sauro. Ka rubuto min yadda kuka ƙare da shi.